Tafinta, mata da harsunan da ke ɓacewa: aikin jami'a da ke jiran 'ya'yan Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana da iyaye da ɗaliban zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Alabar da Sawaba, a kan wani fannin karatu da ba kasafai ake ambatonsa ba idan yaro ya gama sakandare. Kowa likita yake so, ko lauya, ko nas, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. Amma yarinyar da ta tashi da Hausa a gida, Tonanci (harshen Ashanti) a kasuwar Kejetia, Turanci a makaranta, tana kuma tsintar Kotokolanci ko Dagombanci a bakin kakarta, ta riga ta mallaki abin da mai bincike daga Turai yake shafe shekaru yana nema bai samu rabinsa ba. Muna nufin binciken aikin tafinta, da matsayin mata a cikinsa, da raya harsunan da ke neman mutuwa. A jami'o'in waje akan raba su fanni uku. A Zango abu ɗaya ne, domin matar da ba a jin maganarta daidai a kotu ko a asibiti, sau da yawa ita ce mai riƙe da harshen da jikokinta suka daina ji.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Sashe na 19(2)(h) na Tsarin Mulkin 1992 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sashe na 120 na Dokar Shaida ta 1975 ya ce ikirarin da mutum ya yi yana tsare ba ya karɓuwa sai an yi shi a gaban shaida mai zaman kansa wanda ke jin harshensa. Akwai ma dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, tun ta 1912, wadda ta wajabta a karanta wa mutum takarda a bayyana masa ma'anarta kafin ya dangwala yatsa. Inda gizo ke saƙa shi ne, kotu da Turanci take rubuta bayananta. Abin da mai shaida ta faɗa da Hausa ko Mamprusanci yana bin iska, abin da tafinta ya faɗa shi ke shiga takarda, kuma wannan takardar ce alƙalan ɗaukaka ƙara za su karanta. In tafinta ya karkata, babu mai komawa ya duba. Wannan giɓin shi ne gonar mai bincike.

Yadda ake aikin ba ɓoyayye ba ne. Ana neman izini a ɗauki muryar ganawar gaba ɗaya, a rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa kalma bayan kalma, har da "to", da shiru, da inda aka katse mutum. Sai a ba wani mai jin harsunan biyu, wanda bai halarci wurin ba, ya fassara maganar asali shi kaɗai. Daga nan a jera fassararsa kusa da ta tafinta a ƙirga bambancin: abin da aka tsallake, abin da aka ƙara, abin da aka musanya da wani, inda tafinta ya cusa ra'ayinsa, da inda ya ƙirƙiro kalmar da babu ita don kada a ce bai sani ba. Da irin wannan hanya likita Glenn Flores da abokan aikinsa suka binciki ganawa 13 a wani asibitin yara a Amurka, suka wallafa a 2003. Sun sami kuskure kusan 31 a kowace ganawa, fiye da rabi tsallake magana ne, kuma kashi 63 cikin ɗari na kurakuran suna iya shafar lafiyar yaron. Idan ɗan'uwa ne ko wani na kusa aka jawo ya yi tafinta, kashi 77 cikin ɗari na kurakuransa masu haɗari ne, na tafintan asibiti kuwa 53. Harsuna biyu kawai ke nan, Turanci da Sifaniyanci. Mu nan sau da yawa magana sai ta ratsa uku: daga Dagombanci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Tonanci, sannan likita ya rubuta da Turanci.

Akwai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Tonanci da Dagombanci ba sa bambanta "shi" da "ita", Turanci kuwa dole ya zaɓi ɗaya. Wasu da suka koyi Hausa a Zango su ma "ya zo" suke cewa ko da mace ce ta zo. Idan mai ƙara ta ce wani ya doke ta, a gidan da akwai miji akwai kishiya akwai uwar miji, tafinta mai gaggawa sai ya cike gurbin da abin da ya zata. Wanda ya ƙware tsayawa yake yi ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, maganar ba ta nuna namiji ne ko mace ba, a ba ni izini in tambaya." Daƙiƙa goma ce, amma sai an koya wa mutum cewa yin haka ba gazawa ba ne.

Batun mata ya fi nan zurfi. A ɗauki 'yar dako da ta zo daga yankin Walewale, tana kwana a rumfa kusa da kasuwa, ciwon ciki ya kama ta aka kai ta asibiti. Nas ta leƙa waje ta kira duk wanda ke jin harshenta, aka samu wani mai gadi, ko ɗan garinsu da ya rako ta. Likita ya tambayi yaushe ta ga jinin al'ada na ƙarshe, ko akwai kaikayi, ko wani ya tilasta mata. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce cikinta ne ke ciwo. Mai tafintan shi ma kunya ta kama shi, ya taƙaita tambaya uku zuwa "me ke damunki?" Ba wanda ya yi ƙarya, amma an rubuta maganin gyambon ciki. Haka yake a ofishin 'yan sanda mai kula da rikicin cikin gida, wanda dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta ƙarfafa aikinsa: idan ƙanin mijin da ake ƙara ne ya zo yin tafinta, ƙara ta mutu tun kafin a buɗe fayil. Haka kuma a zaman rabon gado, inda bazawara ke bayan labule wani namiji yana isar da maganarta, yana rage mata zafi don a zauna lafiya. Mai bincike ba zuwa yake ya tsine wa al'ada ba. Aikinsa ya nuna, da murya a na'ura da rubutu a takarda, me aka faɗa, me ya isa kunnen mai hukunci, kuma wa ya yi asara a tsakani.

Duniya ta ga abin da tafinta nagari ke iya yi wa mata. A Guwatemala, a watan Fabrairun 2016, wasu dattijai mata 'yan ƙabilar Maya daga ƙauyen Sepur Zarco sun ba da shaida da harshensu na Q'eqchi' a kan bautarwa da fyaɗen da sojoji suka yi musu a shekarun 1980, aka yanke wa mutum biyu hukuncin ɗauri mai tsawo. Ta bakin tafintoci maganarsu ta isa ga alƙalai. Mu ma nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. A fadar Manhyia, Sarkin Ashanti ba ya magana kai tsaye da jama'a sai ta bakin mai magana da yawunsa, kuma Farfesa Kwesi Yankah ya yi littafi guda a 1995 a kan wannan muƙami, ya nuna mai riƙe da shi ba maimaitawa kawai yake yi ba, gyara magana yake yi yana ƙawata ta. Abin da ya dace da fada kuwa shi ne ainihin abin da bai dace da kotu ba. Yawancin tafintocinmu da tarbiyyar fada suka taso, ta sassauta magana da rufa asiri, kuma ba wanda ya zaunar da su ya bambanta musu wuraren biyu. Mun daɗe muna ganin wannan kaɗai ya isa kundin digiri na uku.

Sai maganar da ba ta da daɗin ji a wajenmu. Mun saba kukan cewa an bar Hausa a baya, kuma akwai gaskiya a ciki: Hukumar Harsunan Gana, wadda aka kafa a 1951, harsuna 11 take wa hidima, Hausa ba ta cikinsu, ko da yake gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita. Amma a cikin Zango Hausa ce babban kifi. Ita ke haɗiye Kotokolanci da Busanganci da Mosanci da Zabarmanci da Wangaranci da Cambanci. Tsarin kusan iri ɗaya ne a kowane gida: kaka tana magana da harshenta, uwa tana ji amma da Hausa take amsawa, jika gaisuwa da zagi kawai ya sani. Waɗannan harsuna suna da dubban masu magana a Togo da Burkina Faso da Nijar, don haka ba su mutu ba, a gidajenmu ne suke mutuwa. Akwai kuwa waɗanda ba su da wata ƙasa da za su koma. Harshen Dompo, a Dompofie kusa da Banda a Jihar Bono, masu iya shi sun koma 'yan ƙalilan da za a ƙirga da yatsu, jama'ar garin sun koma Nafaanra. Harshen Mpra a ƙasar Gonja, abin da ya fi saura daga gare shi jerin kalmomi ne da wani jami'in mulkin mallaka, A. W. Cardinall, ya wallafa a 1931. Animere a Jihar Oti shi ma yana kan wannan hanya.

Galibi akan ɗora wa iyaye mata laifi, a ce su suka ƙi koya wa yara. Wannan hukunci ne na gaggawa. Masaniyar harshe Susan Gal ta yi bincike a garin Oberwart na Ostiriya, ta wallafa a 1978, inda ta ga 'yan mata sun riga samari barin harshen Hangare suna komawa Jamusanci. Dalilin shi ne harshen Hangare a wurin yana tafe da rayuwar matar manomi, mai wahala, su kuwa ma'aikata suke so su aura. Ba ƙin harshen suka yi ba, ƙin wahalar da ke manne da shi suka yi. A Zango tambayar ita ce: macen da aka auro daga wata ƙabila ta shigo gidan da kishiyoyi da uwar miji Hausa kawai ta haɗa su, da wa za ta yi harshenta? Idan yaro ya yi shi a makarantar allo aka yi masa dariya, wace uwa ce za ta dage? Wanda bai binciki aure da zaman gida da kasuwa ba, ba zai gane dalilin mutuwar harshe ba, balle ya raya shi.

Rayawar kuma an gwada ta an ga abin da ke aiki. Masanin harshe Joshua Fishman, a 1991, ya tsara matakai takwas na lalacewar harshe, ya ce matakin da komai ya rataya a kansa shi ne yara su ji harshen a gida daga bakin manya. Ƙamus da littafin makaranta da shirin rediyo duk suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin wannan. Mutanen Maori na Niyu Zilan a 1982 suka fara tara yara ƙanana a hannun dattijai, akasari mata, ba a yin wani harshe a wurin sai nasu, kuma a 1987 harshen ya zama na hukuma. A Kalifoniya, daga 1992, aka fito da tsarin haɗa dattijo ɗaya da matashi ɗaya su yi awa 10 zuwa 20 a mako tare, suna girki, suna wanki, suna zuwa kasuwa, ba Turanci ko kalma ɗaya. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da mu, don ba ya bukatar gini ko albashi. Abin da ke kashe shi guda biyu ne: kaka ta ga jika yana fama sai tausayi ya sa ta koma Hausa, ko kuma matashin ya mai da zaman darasin jera kalmomi, "mene ne sunan wannan, mene ne sunan wancan". Maganin shi ne a fara da jimloli huɗu ko biyar a harshen da ake koyo, irin su "sake faɗa", "a hankali", "me nake yi yanzu", sannan a riƙa aikin hannu ana magana a kansa.

Ga ɗalibin da ke son mai da wannan sana'a, hanyar a fili take. Digiri na farko a ilimin kimiyyar harshe ko wani harshen Gana, a Jami'ar Gana da ke Legon, ko ta Cape Coast, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha (KNUST) nan Kumasi, ko reshen Jami'ar Winneba da ke Ajumako. Wanda tafinta ce zalla ta ja shi, Cibiyar Harsuna ta Gana, wadda aka kafa a 1961 kuma daga baya aka haɗe ta cikin sabuwar jami'ar UniMAC, tana koyar da fassara, sai dai ƙarfinta a harsunan ƙasa da ƙasa yake, irin su Faransanci da Larabci. Bayan nan digiri na biyu mai bincike, shekara biyu, sannan digirin digirgir, wanda a Legon shekara huɗu ne. Matakan aiki daga mataimakin lakcara ne zuwa lakcara, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa, kuma abin da ke ɗaga mutum shi ne maƙalun da ya wallafa a mujallun da masana ke tantancewa. Shawararmu tun daga kundin digiri na biyu a rage buri. "Matsalolin tafinta a Gana" ba take ba ne, mafarki ne. Ganawa 20 a sashen awon ciki na asibiti ɗaya, ko gidaje 15 na Kotokoli a unguwa ɗaya tsara uku-uku, wannan ana iya gamawa, kuma maƙala biyu za su fita daga ciki. A zaɓi malami mai duba aiki tun kafin a nemi gurbi, a karanta abin da ya rubuta, don wanda ya ƙware a tsarin sauti ba lallai ya iya jagorantar binciken kotu ba.

Kafin a kunna na'ura sai an sami takardar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, da izinin hukumar asibiti ko ta shari'a, kuma wannan kan ci watanni, don haka a shigar da takardu tun zangon farko. Yardar wanda za a ɗauka dole ce, Dokar Kare Bayanai ta 2012 ma ta tanadi haka. Ga tsohuwar da ba ta karatu, a ɗauki yardarta da murya, da harshenta, a gaya mata wa zai ji, ina za a ajiye, kuma tana iya cewa a goge. Yardar mai gida ko ta sarkin unguwa tana buɗe ƙofa, amma ba ita ce yardar matar ba. A nan ne ɗaliba mace ta fi namiji nesa ba kusa ba: tana shiga ɗakin mai jego, da wurin wankan amarya, da zaman takaba, inda waƙoƙin reno da na niƙa da kalmomin haihuwa suke, waɗanda kundayen da maza suka tattara daga bakin maza ba su da su.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kuskure a cikinsu ba ya gyaruwa. Rikoda mai ɗaukar sauti a tsarin WAV, kilohaz 48, wanda awa ɗaya ke cin kusan megabayit 700. Makirufo na maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya na hannu daga baki, kada mayafi ya riƙa gogarsa. Abin sawa a kunne a saurara tun ana ɗauka, don a nan ne za a ji fanka, da janareton maƙwabta, da keken pragya mai ƙafa uku da ke wucewa, waɗanda kunne ya saba da su har ya daina ji. Ruwan sama a kan rufin kwano yana lalata ɗauka gaba ɗaya, gara a dakata. A guji tura sauti ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse shi ya zubar da abin da ake bukata wajen tantance karin sauti, alhali yawancin harsunan nan da karin sauti suke bambanta ma'ana. A ranar da aka yi ɗauka a rubuta wa ya yi magana, shekarunsa, harsunan da yake ji, wa ke zaune a wurin, sannan a kwafe fayil wuri uku, ɗaya ba a cikin gidan ba. Manhajar ELAN ta rubuta magana daidai da sauti, da FLEx ta haɗa ƙamus, duka kyauta ne. Abin da ke karya ɗalibai shi ne lissafin lokaci: minti ɗaya na hira, a rubuta shi, a fassara, a fayyace kowace kalma, yana iya cin awa guda. Wanda ya ɗauko awa 40 yana murna ya ɗauko wa kansa aikin shekaru. Awa 5 da aka gama sun fi amfani.

Kuɗi kuwa akwai inda ake nema. Shirin ELDP, wanda aka fara a 2002 a Landan ya koma Balin a 2021, yana ba da tallafin tattara harsunan da ke cikin haɗari, kuma yana ajiye abin da aka tattara a rumbunsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan 'yan asali, abin da ke ƙara wa takardar neman tallafi nauyi. A cikin kasafin a sa ladan dattijan da za su ba da lokacinsu, a yanka shi tun farko a gaban shaida, kada a bar shi ya zama "ga goro". A sa sunan wadda ta yi fassara a cikin maƙala idan ta yarda. Sau da yawa ita ce ta yi rabin aikin, sunanta kuwa sai a layin godiya.

Muna da roƙo uku, ba masu tsada ba. Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 ta kafa, ya ware ko da gurbi biyu a shekara na digiri na biyu a wannan fanni, ɗaya lallai na mace. Sarakunan Zango da limamai su taimaka a tara sunayen mata masu jin harsuna biyu ko uku a kowace unguwa, a ba su horo na makonni kan ƙa'idojin farko, wato faɗin duk abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, magana da bakin mai magana, riƙe sirri, da janyewa idan ɗan'uwa ne ke cikin shari'ar, sannan a miƙa jerin ga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda na Asokore Mampong da kewaye. Jaridarka kuma, Malam Edita, ta riƙa buga taƙaitaccen bayanin kundayen da aka rubuta a kan Zango da Hausa, shafi ɗaya a wata, don mutanen da aka ɗauki muryoyinsu su ji abin da aka ce sun ce, su gyara inda aka yi musu kuskure.

Wassalam.

Wasu malaman harshe da tafintoci,
Aboabo, Kumasi.